Babi na Biyar: Iznin Tashi

Duk wanda Allah ya nufa da shiga jirgin sama, ko don sauke faralin Hajji, ko don fatauci, ko don sada zumunci, ya san wani ɗan lokaci da ke zuwa bayan an rufe ƙofa, kowa ya ɗaura bel ɗinsa, ma'aikata sun zazzauna, injuna suna ta ruri, amma jirgin yana nan tsaye cik kamar an kafe shi. A lokacin ne gunaguni ke tashi, wani ya ce lalacewa ce ake ɓoye wa mutane, wani ya ce wani babba ake jira, wani kuma ya leƙa ta taga, ya ga sarari fayau babu hadari babu ko shirwa, ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Malam, shin wa ake jira, alhali sama ba ta da shinge, kuma ba ta da cunkoso irin na Kasuwar Kurmi?"

Tambayar tana kan hanya, kuma a mafi yawan lokuta amsarta ita ce: magana ake jira, 'yan kalmomi ƙalilan daga bakin wani mutum da ba ya cikin jirgin, wanda fasinja ba zai taɓa ganin fuskarsa ba, yana zaune a cikin doguwar hasumiyar nan mai gilashi da ke tsaye a gefen fili.

Sama ma tana da turba

Abin da ido ke gani a matsayin fili marar iyaka, a wurin ma'abota wannan sana'a yanki-yanki ne, an shata shi da turbobi masu suna da lamba, an kuma jera shi hawa-hawa kamar bene, ana barin tazarar ƙafa 1,000 tsakanin jirgin da ke sama da wanda ke ƙarƙashinsa. Dalilin wannan tsanani kuwa shi ne gudu. Jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a sa'a guda, saboda haka idan biyu suka fuskanci juna, kilomita ɗaya da ke tsakaninsu takan ƙare cikin daƙiƙa biyu, wato kafin matuƙi ya gama tantance abin da idonsa ya hango, balle ya kauce, mai aukuwa ta auku.

Da farko ba a ɗauki al'amarin da wannan nauyi ba. Sa'ad da jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Masar a 1925, sama ta kowa ce, matuƙi yana dubawa da idonsa ya ga babu kowa sai ya tashi. A birnin Sen Luwis na Amurka ma, a 1929, wani mai suna Archie League da tutoci yake yi wa jirage ishara, yana tsaye a bakin fili. Amma da jirage suka yawaita, sai ƙasashe 52 suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Shikago a 1944, wadda ta haifar da hukumar ICAO mai mazauni a Montiriyal ta ƙasar Kanada, ita ce ke shimfiɗa ƙa'idojin da duniya ke bi. Duk da haka sai da aka sha ɗaci kafin a ɗaure al'amarin tamau: ran 30 ga Yuni 1956 jirage biyu suka bar Los Anjeles da 'yan mintoci a tsakaninsu, suka je suka yi karo a sama bisa babban kwazazzabon nan na jihar Arizona, mutum 128 suka halaka, kuma bayan shekara biyu Amurka ta kafa hukuma guda mai iko da sararin samaniyarta duka. A Nijeriya hukumar NAMA ce ke riƙe da wannan amana tun 1999, ana horar da ma'aikatanta a kwalejin jiragen sama ta Zariya. A Nijar da Chadi da Kamaru kuwa hukumar ASECNA ce, wadda ke da makarantarta a Yamai.

Takardar niyya

Kafin fasinja na farko ya taka matakala, an riga an miƙa wa hukuma wata takarda, a ƙa'ida aƙalla sa'a guda kafin tashi, wadda ta bayyana irin jirgin, da turbar da yake so ya bi, da hawan da yake so ya yi tafiya a kai, da inda ya nufa, da filin da zai karkata gare shi idan na farkon ya ƙi saukuwa, da tsawon lokacin da mansa zai kai, da adadin rayukan da ke ciki. Wannan takarda niyya ce kawai da roƙo, ba ta halatta wa kowa motsi ba. Ana aika ta ga dukan cibiyoyin da jirgin zai ratsa ƙasarsu, ta yadda jirgin alhazai da ke shirin barin Kano zuwa Jidda, tun tayoyinsa na kan kwalta, waɗanda ke tsaron sararin ƙasashen da ke gabas da mu sun san da zuwansa, sun kuma fara neman gurbin da za su sa shi tsakanin jiragen da ke wucewa.

Iznin hanya

Idan lokaci ya gabato, matuƙi ya saurari sanarwar yanayi da ake maimaitawa a rediyo, ya ji inda iska ke kaɗawa da titin da ake amfani da shi, sai ya kira ya nemi izninsa. A manyan filaye akwai ma'aikaci na musamman da ba shi da wani aiki sai wannan. A ƙananan filaye mutum ɗaya ne ke haɗa shi da sauran ayyuka. Abin da za a karanta masa yana tafe ne a jere guda, ba a sauya shi: iyakar iznin, wadda galibi ita ce filin da ya nufa; sannan hanyar fita daga gari, wadda aka riga aka zana ta a taswira aka ba ta suna, don ta kauce wa duwatsu da dogayen gine-gine da turbar masu saukowa; sannan hawan da zai tsaya a kai da farko, wanda sau da yawa bai kai wanda ya roƙa ba; sannan tashar rediyon da zai koma bayan ya bar ƙasa; daga ƙarshe kuma lambar shaida.

Ita wannan lamba alƙaluma huɗu ce, kowane daga sifiri zuwa bakwai, wanda ya ba da lambobi 4,096 ke nan. Matuƙi yana sa ta a cikin wata na'ura da ke amsa kiran rada, sai ɗigon da ma'aikaci ke gani a allonsa ya fito da suna da tsawo, ya daina zama baƙo. An keɓe uku daga cikinsu don ranar tsanani: 7500 idan an yi fashin jirgi, 7600 idan rediyo ta mutu, 7700 ga kowace irin larura mai barazana ga rai.

Mai karatu zai iya cewa, me ya sa za a ba mutum bayanin tafiya tun daga farko har ƙarshe alhali ana tare da shi a rediyo duk tsawon hanya? Hikimar tana cikin lambar nan ta tsakiya, wato 7600. Madugun ayari na da, idan zai ratsa dajin da ake tsoron rabuwa, tun a zango yake gaya wa jama'arsa cewa in ƙura ta raba mu, ko dare ya yi mana, kowa ya nufi rijiya kaza, a can za a haɗu. Haka nan idan magana ta yanke tsakanin jirgi da ƙasa, matuƙi ya san abin da aka yi masa izni na ƙarshe shi zai bi, ma'aikaci kuma ya san inda zai same shi, sai ya kawar da sauran jirage daga gabansa ba tare da sun ƙara jin muryar juna ba. A yau a filaye da yawa wannan izni a rubuce yake zuwa, ya fito a allon kwamfutar jirgi, don a rage cunkoson murya da kuskuren ji.

Sai dai akwai abin da nake roƙon mai karatu ya riƙe da kyau, domin dukan babin nan a kansa yake: wannan izni na hanya ne kurum. Wanda aka ba shi bai sami damar gusawa ko taku ɗaya ba.

A biya, a maimaita

Duk wanda ya zauna gaban malam da allo ya san cewa ba a sallamar almajiri don ya ce ya ji. Malam zai biya masa, shi kuma ya maimaita da bakinsa, malam yana saurare, in ya ci wasali ko ya tsallake harafi a tsayar da shi nan take. Wannan ita ce ƙa'idar hasumiya, ba ragi. Lambar titi, da hawa, da fuskar da za a dosa, da lambar shaida, da awon nauyin iska da ake daidaita ma'aunin tsawo da shi, wajibi ne matuƙi ya maimaita su, wajibi ne kuma ma'aikaci ya kasa kunne ya gyara, domin maimaitawar da ba a saurara ba daidai take da wadda ba a yi ba.

Harshen da aka yi ittifaƙi a kansa tsakanin ƙasashe Turanci ne, amma Turanci ne da aka yi wa aski, aka rage masa ado, aka ƙayyade kalmominsa. Haruffa ma suna aka ba su tun 1956, Alfa, Birabo, Cali, Delta, har zuwa Zulu, saboda "bi" da "di" da "ti" ba su rarrabuwa a cikin ƙarar rediyo. Shi ya sa jiragen Nijeriya, waɗanda rajistarsu ke farawa da 5N, ake kiran harafinsu da sunan watan Nuwamba. Tara kuma "naina" ake ce mata, don kada ta rikice da biyar.

Daga rumfa zuwa bakin titi

Daga nan izni ya riƙa zuwa gutsure-gutsure. Akwai na tura jirgi baya, da na tada injuna, da na tafiya a kan ƙananan hanyoyin fili, ana faɗa masa su ɗaya bayan ɗaya da haruffansu, har ya iso wani wuri da aka ja layuka huɗu masu ruwan ɗorawa a ƙasa, biyu a miƙe biyu a yanyanke. Nan ne bakin ƙofa. Shari'a ta koya mana isti'izani, cewa ba a faɗa wa gidan mutum sai an yi sallama an amsa, kuma shiru ba amsa ba ne. To, titin tashi gida ne mai ɗaukar baƙo ɗaya tak a lokaci guda. A filayen da ke da jerin jajayen fitilu a wannan layi, an hori matuƙi da kada ya ƙetare su muddin suna kunne, ko da ya ji da kunnensa an ce ya shiga, sai ya sake tambaya.

Lambar titi ma ba a banza aka sa ta ba, fuskar kamfas ce aka yanke mata sifirin ƙarshe. Babban titin filin Malam Aminu Kano ana kiransa 06 daga wannan kai, 24 daga wancan, wato digiri 60 wajen arewa maso gabas da digiri 240 wajen kudu maso yamma. Da yake kuwa jirgi yana son ya tashi yana fuskantar iska, don ta taimaka wa fikafikansa, sai iskar ranar ta zama ita ce mai zaɓen kan da za a fara gudu daga gare shi, ta hunturu daban, ta damina daban.

A bakin wannan layi ne ake yawan yin jiran da ke ƙona wa fasinja rai. Wani lokaci jirgi ne ke saukowa wanda ba a hango shi daga taga. Wani lokaci kuma babban jirgi ne ya tashi yanzu, ya bar wata guguwa mai reshe biyu da ke murɗawa daga bakin fikafikansa, ba a ganinta amma tana iya kifar da ƙaramin jirgi. Wanda ya taɓa kasancewa bisa babur tirela ta wuce shi da gudu a hanyar Zariya ya ɗanɗani ƙanƙanin misalinta. Saboda haka idan jirgi mai nauyin tan 136 ko fiye ya tashi, wanda bai kai shi ba sai ya dakata minti biyu, in kuma daga tsakiyar titi zai fara gudu, minti uku. Wani lokaci kuwa matsalar tana can nesa, cibiyar da za ta karɓi jirgin ce ba ta sami gurbi ba tukuna.

Idan duk wannan ya kau, sai a ce ya hau titi ya daidaita ya jira. Sa'an nan ma'aikaci ya dubi titin tun daga wannan kai har wancan, ya faɗi iska da ƙarfinta, ya ambaci lambar titi, ya furta iznin tashi.

Ranar Tenerif

Ban san wani abu da ke bayyana nauyin bambancin iznin nan biyu kamar abin da ya faru ran Lahadi 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifaniya ba. A ranar bam ya fashe a filin jirgin tsibirin Giran Kanariya, aka karkatar da jirage zuwa wani ƙaramin fili mai suna Los Rodeyos, har suka cika shi suka toshe hanyar da ake bi zuwa bakin titi. A cikinsu akwai manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM daga Amsterdam ta Holan, ɗaya na Pan Am daga Amurka. Da aka sake buɗe filin Giran Kanariya, ba yadda za a yi sai su bi ta kan titin tashin kansa: na KLM ya tafi har ƙarshe ya juyo, na Pan Am yana biye da shi a baya, da umarnin ya ratse a mafita ta uku. Ana cikin haka hazo mai kauri ya sauko daga duwatsu ya rufe filin, jiragen ba su ganin juna, hasumiya ba ta ganin ko ɗaya, filin kuma ba shi da radar ƙasa.

Kyaftin ɗin KLM, Jacob Veldhuyzen van Zanten, ba ɗan koyo ba ne, shi ne ma babban mai horar da matuƙan kamfanin a kan wannan ƙirar jirgi. Amma yini ya yi nisa, dokar ƙasarsa ta ƙayyade sa'o'in aikin matuƙa, hazon kuma yana ƙaruwa. Da ya juyo ya fara tura injuna, mataimakinsa ya tunatar da shi cewa ba a ba su izni ba, ya ce a nema. Abin da hasumiya ta karanta musu iznin hanya ne, wanda saboda rikicewar ranar bai zo ba sai a wannan lokaci, kuma a cikin lafazinsa akwai kalmar "tashi", domin ana bayyana musu abin da za su yi bayan sun tashi. Mataimakin yana cikin maimaitawa kyaftin ya saki birki. Mataimakin ya rufe maganarsa da wata jimla mai harshen damo, wadda za a iya fahimtarta da cewa suna wurin tashi, ko kuma suna cikin tashi. Ma'aikacin hasumiya ya ɗauki ma'ana ta farko, ya ce to, ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa su dakata zai kira su. A daidai wannan daƙiƙa matuƙan Pan Am, da suka tsorata da abin da suka ji, suka danna rediyonsu suna cewa har yanzu suna kan titi; muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara a kunnen mutanen KLM, abin da ya isa gare su sarai shi ne "to" ɗin nan kaɗai.

Saura dama guda. Injiniyan jirgin KLM ya ji wata musayar magana da ta biyo baya, ya tambaya ko Pan Am bai fita daga titin ba ne, kyaftin ya amsa da tabbaci cewa ya fita, ba wanda ya sake cewa uffan. Da ƙarfe biyar da 'yan mintoci na yamma suka haɗu. Dukan mutum 248 da ke cikin KLM suka rasu, da 335 daga cikin na Pan Am, jimla 583, mutum 61 suka tsira. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba.

Sarihi da kinaya

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe lafazi sarihi, wanda ba ya ɗaukar ma'ana sai guda, da kinaya, wadda sai an koma ga niyyar mai magana. Sun kuma tsananta a kan siga a wurin ɗaurin aure da ciniki, ijabi daga wannan, kabuli daga wancan, a gaban shaidu, saboda sun san husumar da shubuha ke haifarwa. Gyaran da aka yi bayan Tenerif wannan ne ainihinsa. Aka haramta furta kalmar "tashi" a rediyo sai a wuri biyu: lokacin ba da iznin tashin kansa, da lokacin soke shi. A duk sauran magana wata kalma ake amfani da ita mai ma'anar fita, har matuƙin da ya shirya ma cewa yake ya shirya fita. Aka kori "to" da makamantanta daga wurin da ake bukatar izni. Idan kuma za a ce wa jirgi ya hau titi bayan wani mai saukowa ya wuce, da sharaɗin ake farawa, a kuma sake maimaita kalmar "bayan" a ƙarshe, don kada kunnen mai gaggawa ya kama umarnin ya bar sharaɗin.

Aka kuma taɓo abin da ya fi lafazi wuyar gyara, wato kwarjinin babba. A tarbiyyarmu yaro ba ya musu da na gaba da shi, kuma ni ina ganin alherin wannan a wurare masu yawa. Amma ɗakin matuƙa ba ya cikinsu, kamar yadda mamu ba ya yin shiru idan liman ya yi rafkanuwa, sai ya yi masa tasbihi. A yau ana horar da mataimaki ya faɗi shakkarsa a fili har sai an warware ta, ana kuma horar da kyaftin ya saurara.

Kada a zaci an gama da matsalar. Ran 2 ga Janairu 2024, a filin Haneda na birnin Tokyo, wani ƙaramin jirgin masu tsaron gaɓar teku da aka ce ya je ya tsaya a bakin layi ya shige kan titi, jirgin fasinja na Japan Airlines da ke sauka ya buge shi. Biyar daga mutum shida na ƙaramin jirgin suka rasu, mutum 379 da ke cikin babban kuwa Allah ya kuɓutar da su duka kafin wuta ta cinye shi.

Izni mai wa'adi

Akwai kuma iznin da ake ɗaure shi da agogo. A Turai, inda jirage suka yi yawa ƙwarai, wata cibiya a Burasels takan yanka wa jirgi lokacin tashinsa, an yarda ya riga shi da minti biyar ko ya makara da goma, in ya wuce haka sai ya nemi sabo, ko da titin gabansa babu kowa. A Amurka kuwa akwai dubban ƙananan filaye marasa hasumiya, inda matuƙi kan karɓi izninsa ta waya ko rediyo daga cibiya mai nisa, a ce masa in bai tashi kafin ƙarfe kaza ba iznin ya ɓaci. Ma'aikacin ba ya ganinsa, saboda haka yakan tsare masa wannan yanki na sama ya hana wasu shiga. In kuma minti talatin suka wuce bayan wa'adin ba a ji ɗuriyarsa ba, sai a ɗauka wani abu ya same shi, a fara nema.

Saura mas'ala guda da ba a warware ba. Izni halattawa ne, bai zama wajabtawa ba: hasumiya tana shaida cewa titi babu kowa kuma hanya a buɗe take, tana kuma sanar da abin da ta sani na iska da hadari, amma hukuncin ƙarshe na a tashi ko a fasa yana wuyan kyaftin, kuma yana da ikon ya ce ba zai iya ba. Jama'ar ƙasar Hausa ba za su manta da ran 29 ga Oktoba 2006 ba, sa'ad da jirgin da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan ya bar filin Abuja cikin iskar hadari, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu da rahama. Yadda iska ke juyawa farat ɗaya a ƙarƙashin hadari, da yadda hazon hunturu ke rufe filayen Kano da Maiduguri da Yamai, da ma'aunin da matuƙi ke dogara da shi wajen yanke wannan hukunci, su za mu duba a babi na shida.